Yadda Ake Wankin Ƙoda Ta Ciki a Gida, da Hannu Ba da Na'ura Ba

Tun da na ba da labarin yadda mahaifinmu ya shekara biyu da wani abu ana yi masa wankin ƙoda a cikin ɗakinsa, ba tare da ya hau na'ura ba, tambayoyi ba su tsaya ba. Wasu ɗan'uwansu aka sa wa roba a Indiya ko Masar, aka sallamo su da kwalayen ruwa da 'yar takarda da Turanci. Wasu suna zaune a Saudiyya ko Ingila, likita ya ba su zaɓi. Wasu kuwa zaryar asibiti ce sau biyu ko uku a mako ta ishe su, ga nisa ga kuɗin mota. Tambayar duk ɗaya ce: yaya ake yin sa, daga fari har ƙarshe?

Abin ba shi da wuyar ganewa. Likita yana dasa wata siririyar roba mai laushi a ciki, ta fito ta gefen cibiya. Ta cikinta ake zuba ruwan magani mai suga, yawanci lita 2 ga babba, a bar shi awa 4 zuwa 6. Tantanin da ya lulluɓe hanji shi ne rariyar: dattin jini da rarar ruwan jiki suna tsallakowa cikin ruwan nan, sai a fitar da shi a zuba sabo. Wannan fitarwa da zubawa muke kira canji, kuma akan yi shi sau 4 a yini. A takardun asibiti za ka ga an rubuta CAPD.

Canji ɗaya yana cin minti 30 zuwa 40, amma duk haɗarinsa a gaɓa biyu yake, kowacce ba ta kai daƙiƙa goma ba: lokacin da aka cire murfin bakin robar za a haɗa ta da ledar ruwan, da lokacin da aka raba za a rufe. Sauran matakan duk waɗannan biyun suke yi wa hidima. Kada kuma wani ya karanta wannan ya fara da kansa. Sai nas ta wankin ƙoda ta zaunar da kai kwanaki, ta ga hannunka ya faɗa. Inda maganata ta saɓa da tata, bi tata, domin kayan kowane kamfani da nasa salon.

1. Yi lissafi tun kafin a sa robar

A Najeriya kusan duk cibiyoyin ƙoda wankin jini na na'ura suke yi. Na ciki an fi yi wa yaran da ƙodarsu ta tsaya farat ɗaya, a gadon asibiti, na 'yan kwanaki. Babban dalili shi ne ruwan daga waje ake shigo da shi, ga shi da nauyi. Canji 4 a yini leda 4 ke nan, a wata leda 120, wato lita 240. Nauyin ya kusa buhun shinkafa mai kilo 50 guda biyar, kowane wata. Farashi yana bin dala da kuɗin dako, saboda haka duk abin da mai kawowa ya ce maka kuɗin leda ɗaya ne, ninka shi sau 120, ka ɗora kuɗin murfi da sauran tarkace, sannan ka tambayi kanka ko za a iya wannan wata da watanni.

Abu uku nake so mutum ya samu amsarsu kafin ya yarda a taɓa cikinsa. Wa zai riƙa kawo ruwan ba yankewa? Wane likitan ƙoda ne a kusa zai karɓe ka da tsakar dare, kuma asibitinsa yana iya gwada ruwan da ya fito? Wane ne mutum na biyu a gida da zai koyi aikin, don ranar da kai ba ka da lafiya ko ka yi tafiya? In ɗaya daga ciki ba amsa, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kayan aikin ba su da yawa: ledojin ruwa, murafu masu aidin a ciki waɗanda sau ɗaya ake amfani da kowanne, makullan matse tiyo guda biyu, takunkumin hanci da baki, sabulun ruwa, sanitaiza, tishu mai kauri na goge hannu, abin rataye leda, sikelin rataye, sikelin awon mutum, na'urar awon jini, ma'aunin zafin jiki, bandejin asibiti da filasta, da littafi da biro. Ƙarfen rataye ruwa irin na asibiti ba dole ba ne. Mu ƙusa muka kafa a bango, sama da kan Baba in yana zaune.

Kwalaye a ɗora su kan katako, kada su taɓa ƙasa. A nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, ba sito mai rufin kwano da ke zama tanda a watan Afrilu ba, kuma a kula da ɓera. Tsofaffin kaya a gaba, sababbi a baya. In abin da ya rage bai wuce na wata guda ba, a yi odar wani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan an sa roba kuma akan jira kamar mako biyu wurin ya warke kafin a fara cika ciki sosai.

2. Ɗaki da lokaci

Ɗaki ɗaya, kujera ɗaya, tebur ɗaya mai santsi da za a iya gogewa. Ba banɗaki ba, ba kicin ba. A share a goge tun da wuri domin ƙura ta kwanta. Shara dab da canji ta fi rashin shara illa. Kafin a fara a rufe taga da ƙofa, a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Na san abin da nake faɗa, minti arba'in ba fanka a bazara ba wasa ba ne. Za a iya kunnawa a tsakiya, yayin da ruwa ke tafiya kuma komai a haɗe yake, amma a kashe ta minti kaɗan kafin a raba. Kyanwa, kaji, tattabaru, ko sau ɗaya kada su san hanyar ɗakin. Kyanwa tana son wasa da tiyo, kuma haƙorinta ɗaya ya isa.

Sai 'yan dubiya. Mutum zai yi sallama ya ɗaga labule ana tsakiyar aiki, ya miƙo hannu. A sa sakata. Wani aminin Baba ya yi fushi da mu har mako guda a kan haka, daga baya shi ke tsare mana ƙofa.

Aikin ba ya bukatar wutar lantarki, amma yana bukatar haske. A tanadi fitila mai caji da za a ajiye, ba tocilan ɗin waya a hannu ba. Waya na daga cikin abubuwan da suka fi datti a gida.

Lokaci kuwa sallah ta sauƙaƙa mana shi: bayan asuba, wajen azahar, dab da magariba, sai na ƙarshe kafin barci, wanda ke kwana a ciki. Jinkirin rabin awa ba ya ɓata komai. Tsallake canji shi ne matsala, kuma wanda ya tsallake kada ya ce zai rama da zuba leda biyu lokaci guda.

3. Ɗumama ruwan

Ruwa mai sanyi yana sa ciki ya murɗa. Ana so ya kai ɗumin jiki, digiri 37, ba fiye ba. Da zafi, ledar da ke ɗaki ba ta bukatar komai. Da hunturu ne aiki. A yi amfani da busasshen ɗumi: matashin ɗumama na lantarki, ko a naɗe ledar, tana cikin rigarta ta waje, a bargo tare da robar ruwan zafi da aka lulluɓe da tawul. A taɓa da bayan hannu. In ka ji zafi, ya wuce.

Gargaɗi: kada a tsoma leda a bokitin ruwan zafi. Ruwan bokiti yana gangarawa bakin tiyo da ƙwayoyin cutarsa. Kada a sa ta a na'urar ɗumama abinci, domin wani gefe zai tafasa wani da sanyi, kuma tantanin ciki ba ya jure ƙuna.

4. Takunkumi, sannan wanke hannu

Takunkumi ne farko, ga mai yi da mara lafiya da duk wanda ke ɗakin. Ya rufe hanci da baki duka. Yawancin ƙwayoyin cutar da ke shiga ciki a jikinmu suke zaune, a fata da cikin hanci, ba daga nesa suke zuwa ba. In ka wanke hannu sannan ka gyara takunkumi, ka koma farko.

A cire agogo, zobe, awarwaro. Farce a yanke. A wanke da sabulun ruwa minti guda cur: tafi, baya, tsakanin yatsu, babban yatsa, ƙarƙashin farce, har wuyan hannu. Inda ba famfo, wani ya zuba maka tsabtataccen ruwa daga sama, kada ka tsoma hannu a roba. Butar da ake shiga bayi da ita ba ta wannan aiki ba ce, a ware wata. A busar da hannu ƙayau da tishu, a rufe famfo da tishun. Jiƙaƙƙen hannu ya fi busasshe kwasar cuta, tawul ɗin da kowa ke goge fuska da shi kuwa mayar da hannun agogo baya ne.

Alwala ba ta wadatar a nan. Na faɗa ne don na ga mai cewa ai yanzu ya yi alwala. Tsarki daban, wannan wanki daban.

5. Goge tebur, duba leda

A goge tebur da sifirit ko abin da nas ta ce, a bari ya bushe. A jera makulli biyu da murfi biyu, ba ɗaya ba. Dalilin yana mataki na 10. A yage rigar ledar da hannu ta inda aka yi mata tsaga. Almakashi, reza, wuƙa, babu su a teburin nan.

Za ka ga leda biyu, ɗaya cike ɗaya wofi, tiyonsu ya haɗu kamar gwafa, a ƙarshensa bakin da za a haɗa. Duba abu biyar. Ƙarfin suga daidai ne da wanda aka rubuta na wannan lokacin? Yawan ruwan daidai? Ranar lalacewa ba ta wuce ba? Ruwan garau yake? Sai ka ɗora ledar kan tebur ka danna da ƙarfi ka ga ko tana yoyo. 'Yar raɓa tsakanin leda da rigarta ba komai ba ce. Ruwa kwance a cikin rigar, ko bakin tiyo da murfinsa ya fita, a jefar da ledar duk tsadarta.

Batun ƙarfin suga yana rikita masu sayen kaya daga ƙasashe daban-daban. Akwai 1.5, da 2.5, da 4.25 cikin ɗari. Na kamfanin Fresenius na tsakiyar 2.3 ne. Wasu ledojin kamfanin Baxter na Turai kuma za ka ga 1.36 da 2.27 da 3.86, waɗanda su ne dai ukun farko, lissafin ne ya bambanta. Karanta lamba, kada ka dogara da launin murfi. Mai suga da yawa ya fi janyo ruwa daga jiki, shi ya sa mai kumburin ƙafa ke kwaɗayin mai 4.25. Yawan amfani da shi yana gajiyar da tantanin ciki, yana ɗaga suga, yana iya faɗar da hawan jini har mutum ya yi jiri. Ba a canza ƙarfi sai da ƙa'idar da likita ya bayar.

Mai ciwon suga da aka ba ruwan Extraneal na dogon zama ya nuna wa nas na'urarsa ta awon suga. Wasu na'urorin suna nuna suga ya hau alhali bai hau ba, mutum ya yi allurar insulin ya faɗi.

6. Haɗawa

A bakin robar ciki akwai guntun tiyo mai makullin murɗawa, wanda nas ke canzawa duk wata 6. Shi zan riƙa kira tiyon jiki. A fito da shi daga cikin riga, a tabbata makullinsa a rufe yake, a naɗe riga sama don kada ta faɗo a kai. A matse tiyon ledar da ke cike da makulli ɗaya. Yanzu a shafa sanitaiza, a murza har hannu ya bushe da kansa. Daga nan ba taɓa fuska, ba taɓa riga, ba ɗaga waya.

Riƙe bakin tiyon leda a hannu ɗaya, tiyon jiki a ɗayan. Cire zoben da ya rufe bakin ledar, kwance murfin tiyon jiki ka sake shi ya faɗi, ka haɗa nan take ka murɗa har ya zauna. Idonka a kan bakin biyu. Ba magana, ba tari, ba amsa sallama. Ka kafa gwiwar hannunka a jikinka domin hannu ya daina rawa.

Gargaɗi: in bakin tiyon leda ya taɓa wani abu, yatsa ne ko riga ko tebur, a jefar da ledar a ɗauko wata. In bakin tiyon jiki ne ya taɓa, kada a buɗe makulli, kada a ci gaba. A sa sabon murfi a kira nas, domin akan canza tiyon. In kuwa an riga an buɗe makulli bayan taɓawar, ko ruwa ya zubo ta wani wuri, a faɗa mata haka ƙarara, don wannan akan ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta tun kafin ciwo ya tashi. Goge bakin da sifirit a ce an gyara, yaudarar kai ce. Kunyar faɗa wa nas an yi kuskure ta kwantar da mutane da yawa.

Masu kayan Fresenius da ke da faifai a tsakiya, hannun da ke kan faifan suke juyawa daga alama zuwa alama: alamar ɗigo ɗaya fitarwa, biyu kora, uku cikawa, huɗu rufewa. Jerin matakan dai bai canza ba.

7. Fitar da tsohon ruwa

A rataye ledar da ke cike, a ajiye ta wofin a ƙasa cikin tsabtatacciyar roba, gefenta mai haske yana sama. In akwai ɗan tsinken da ake karyawa kusa da mahaɗa, a karya shi. A buɗe makullin tiyon jiki. Ruwa zai gangaro da ɗumi, launinsa kamar fitsari marar kauri. Yakan ɗauki minti 15 zuwa 20. In tiyo ya huce a hannu kuma ba ka ga ruwa na motsi ba, ya ƙare. Wasu kan ji ɗan tsunkuli a mara dab da ƙarshe. A rufe makullin.

In ruwa ya ƙi fita ko yana ɗiga, kada a ja robar, kada a matsa ciki. A duba ko wani makulli a rufe yake, ko tiyo ya lanƙwashe a ƙarƙashin cinya. Mara lafiya ya miƙe, ya karkata dama da hagu, ya jingina gaba. In ya ƙi, tambayar farko ita ce yaushe rabonsa da bayan gida. Hanji cike yana danne bakin robar ko ya ture ta daga mazauninta, kuma shi ne sanadin da aka fi gani. Dattawanmu ba sa son a yi musu wannan tambayar, amma dole a yi. Ana so a fita kullum, kuma likita kan rubuta maganin sassauta ciki. Kada a sayi na kasuwa ko a jiƙa saiwa, domin wasu suna ɗauke da sinadaran da mai ciwon ƙoda ba ya iya fitarwa.

8. Kora iska

Makullin tiyon jiki yana rufe. A karya tsinken ledar sama, a cire makullin tiyonta, sabon ruwa zai gangara kai tsaye zuwa ledar ƙasa. A ƙirga ɗaya zuwa biyar a hankali, ana kallon kumfar iska tana wucewa. Sai a matse tiyon ledar ƙasa.

Daƙiƙa biyar ne, shi ya sa mai sauri ke tsallake shi. Amfaninsa biyu: yana kore iskar da in ta shiga ciki za ta sa ciwon kafaɗa, yana kuma wanke duk abin da ya maƙale a mahaɗa zuwa ledar zubarwa maimakon cikin mutum.

9. Cikawa

A sake dubawa ledar ƙasa a matse take, in ba haka ba sabon ruwan duk can zai tafi, kuɗi ya bi ƙasa. A buɗe makullin tiyon jiki. Cikin kamar minti 10 leda za ta ƙare. In ciki ya murɗa, ko ruwan da sanyi ko ya cika gudu; a ɗan sauko da ledar sama ƙasa kaɗan. Ba a matsa leda da hannu don ta yi sauri. In ta ƙare a rufe makullin tiyon jiki, a matse tiyon ledar sama.

Kwanakin farko mutum zai ji kamar ya ci tuwo ya wuce kima, ruku'u da sujada su yi nauyi. Jiki yana sabawa. Ɗaukar kaya mai nauyi da ciki cike da ruwa kuwa yana jawo ƙaba ko gwaiwa, saboda haka jarkar ruwa da buhu a bar wa yara.

10. Rabawa da rufewa

Gaɓa ta biyu ke nan. Fanka a kashe, takunkumi a fuska. A buɗe takardar sabon murfi tun kafin a raba, a leƙa a ga soson cikinsa a jiƙe yake da aidin. In ya bushe a ɗauki wani. A shafa sanitaiza a bari ya bushe. A kwance mahaɗa, a riƙe tiyon jiki bakinsa yana kallon ƙasa, a ɗaura murfi nan take, a murɗa daidai ƙarfin yatsa.

Wata Juma'a muna saurin masallaci, na riga na raba, murfin ya suɓuce ya gangara kan darduma. Wallahi hannuna har ya tafi zai ɗauka. Babu wani a tebur. Haka na tsaya riƙe da bakin tiyo a sama, ba halin motsi, Baba yana ƙwala wa ƙanina kira ta cikin takunkumi ya wanke hannu ya kawo wani daga kwali. Allah ya tsare, amma tun ranar murfi biyu nake ajiyewa. Wanda ya faɗi ya tafi ke nan, tsohon da aka cire ma ba a mayar da shi.

A mayar da tiyo cikin ɗamararsa ko a manne shi da filasta, kada ya riƙa lilo.

11. Duba ruwan, auna, rubuta

Ɗauki ledar ƙasa ka ɗora ta kan rubutu, jarida ko takardar kwali. In kana karanta rubutun ta cikin ruwan, lafiya. Wani lokaci za ka ga fararen zare-zare kamar farin ƙwai a ruwa. In sun yi yawa suna toshe roba, a gaya wa nas, akwai maganin da ake sawa a leda. Mace kan ga ruwan ya yi ja-ja lokacin al'ada, yakan washe da kansa, amma a faɗa.

Sai a rataye ledar a sikeli. Kilo ɗaya lita ɗaya ne. An zuba mililita 2,000 (lita 2) an fitar da 2,300, an cire mililita 300 ke nan daga jiki. Ledar da ruwan kora suna ƙara ɗan nauyi, nas za ta faɗi nawa za a rage. A rubuta lokaci, ƙarfin suga, abin da ya shiga, abin da ya fita, da kamannin ruwa. Kowace safiya a ƙara nauyin jiki da awon jini, a sikeli ɗaya, a lokaci ɗaya, da kaya iri ɗaya. Littafin nan shi likita zai fara nema. In nauyi yana hawa kwana biyu uku a jere, ƙafa na kumbura, ko abin da ke fita ya riƙa gaza abin da ya shiga, a kira. In nauyi yana faɗuwa ga jiri in an miƙe, ruwan da ake cirewa ya yi yawa, shi ma a kira.

Ruwan a juye shi a masai a kora, ba a kwata ko bayan gida inda yara ke wasa ba. Ledojin a ƙulle su a shara. Kada a ba kowa ya ɗura wani abu a ciki. A wanke hannu.

Abinci yana shiga lissafin nan. Wankin ciki yana tafiya da sinadarin gina jiki kullum, don haka ana bukatar ƙwai, kifi, kaza, nama, fiye da yadda aka saba gaya wa mai ciwon ƙoda. Gishiri, dunƙulen miya da kanwa su ne abokan gaba, suna sa ƙishi suna tara ruwa. Sugan da ke cikin ledar ma jiki yana sha, to a rage lemon kwalba da shayi mai zaƙi. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen suna ƙarasa ɗan ƙarfin da ya rage wa ƙoda, kuma ɗan fitsarin da mutum ke yi har yanzu dukiya ne. Azumi kuwa a zauna da likita da malami tun Sha'aban.

12. Bakin ramin da roba ta fito

Sau ɗaya a yini, galibi bayan wanka. A wanke hannu, a cire tsohon bandeji a hankali, a duba wurin. A wanke da abin da nas ta ce, daga jikin roba zuwa waje, a busar da sabon bandeji, a shafa ɗan man da likita ya rubuta, yawanci mupirocin ko gentamicin, a rufe, a manne robar yadda ko an fizge ta ba za ta motsa a ramin ba. Ɓawon da ya bushe ba a ɓantare shi. Ba man kaɗanya, ba toka, ba hoda, ba turare. Zariyar wando ko ɗaurin zani kada su bi ta kan wurin.

Wanka a tsaye, ana zubo ruwa mai tsabta daga sama. Ba zama cikin baho, ba shiga rafi ko kududdufi. Ja, zafi, kumburi ko mugunya a bakin ramin, a kai asibiti a ranar, domin ciwon yana bin roba ya shige ciki.

13. Abin da ba ya jiran gari ya waye

Ruwa ya fito dishi-dishi kamar ruwan wankin shinkafa, ko kamar an ɗiga masa madara. Ciwon ciki. Zazzaɓi, amai. Ko ɗaya daga cikinsu ya isa, ba sai sun haɗu ba. Alamar ƙwayoyin cuta sun shiga tantanin ciki ce, kuma shi ne ciwon da ya fi raba mutane da wannan hanyar wanki.

Mu sau ɗaya ya same mu, a canjin dare. Na ɗora leda kan jarida, manyan haruffa kawai nake gani, ƙananan sun ɓace. Baba ya ce shi ba abin da ke damunsa, in bari da safe. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, Sista cewa ta yi ko ƙarfe nawa ne." Kafin mu isa asibiti ya fara riƙe ciki, ko ramin titi motar ta faɗa sai ya yi nishi. Aka ɗebi ruwan aka kai gwaji, aka fara zuba magani a cikin ledojin a daren, aka yi mako biyu ana yi. Robar ta tsira. Na fi zargin murar da nake yi a makon, da takunkumin da nake saukewa ƙasan hanci in na ji numfashi ya yi mini wuya.

Ledar da ta gurɓace a tafi da ita, a matse, cikin wata leda mai tsabta. Kada a zubar, ita za a gwada. Kada a tsaya kemis a sayi kafso a sha kafin a je, yana ɓata gwajin a rasa gane irin ƙwayar cutar.

Haka nan a tafi ba jira in ruwan ya fito ja sosai ko ruwan ƙasa mai wari, in numfashi ya ɗauke bayan cikawa, in ruwa na tsattsafowa ta gefen roba, ko gaba da fatar ciki suka kumbura. In robar ta tsage ko tiyon jiki ya kwance, a matse da makulli tsakanin wurin da jikin mutum, a naɗe da bandeji mai tsabta, kada a yi canji. Duk wani aiki da za a yi wa mara lafiya a asibiti, cire haƙori ne ko duban hanji ko na mahaifa, a faɗa musu akwai roba a ciki tun kafin ranar, domin akan ba da magani a kuma fitar da ruwan tukuna.

A bayan ƙofar ɗakin a rataye 'yar jaka da ba a taɓawa: makulli ɗaya, murfi biyu, takunkumi, bandeji, filasta, katin asibiti, da kuɗin mota. Lambar nas da ta likita a rubuta su da manyan baƙi a bango kusa da ƙusar, inda ko yaro zai iya karantowa in wayarka ta mutu.